Tarihin Ƙungiyar Agaji ta Red Cross da Abin da Ya Shafe Mu a Cikinsa

A babban taronmu na bara, sa'ad da aka kawo shawarar a tura wasu daga cikin matasanmu su koyi aikin taimakon gaggawa a reshen Red Cross na jiharmu, wani dattijo da muke ganin girmansa ya miƙe ya yi tambaya: su wane ne waɗannan mutane, kuma don me suke yawo da alamar kuros a ƙirjinsu? Ba a samu mai ba shi amsa mai gamsarwa ba, sai aka ɗage maganar. Tambayar Baba tana kan hanya, shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun wannan ƙungiya tun daga tushe.

Asalin abin yaƙi ne. A ranar 24 ga Yuni, 1859, rundunonin Faransa da Sardiniya suka gwabza da ta Ostiriya a kusa da ƙauyen Solferino da ke arewacin Italiya. Kafin gari ya waye, kimanin mutum 40,000 na kwance a fili, wasu matattu, wasu da munanan raunuka, ba mai ba su ko da ruwan sha. A daidai wannan lokaci ne wani ɗan kasuwa mutumin Jeniba ta ƙasar Suwizalan, mai suna Henry Dunant, ya iso wurin. Ba agaji ya kawo shi ba. Yana neman ganin Sarkin Faransa Napoleon na Uku ne a kan wata harkar filaye da injinan niƙa da yake yi a Aljeriya. Abin da idonsa ya gane masa ya mantar da shi abin da ya zo nema. Ya tara matan garin Castiglione, aka kwashe majinyata zuwa majami'u da gidaje, ana wanke musu raunuka ana ɗaurewa, ba tare da an tambayi ko wane ɓangare mutum ya yi wa yaƙi ba.

Da ya koma gida abin bai bar zuciyarsa ba. A 1862 ya buga wani ɗan littafi inda ya ba da labarin abin da ya gani, ya kuma kawo shawarwari biyu: kowace ƙasa ta kafa ƙungiyar masu aikin sa kai, a horar da su tun ana zaman lafiya, sannan ƙasashe su yi yarjejeniya cewa ba za a taɓa wanda ya ji rauni ko mai jinyarsa ba. A 1863 mutum biyar suka kafa kwamiti a Jeniba, cikinsu har da Dunant da Janar Dufour da lauya Gustave Moynier da likitoci biyu. A watan Agusta na 1864 ƙasashe 12 suka sa hannu a yarjejeniyar Jeniba ta farko.

Shi Dunant kuwa bai ci moriyar abin da ya shuka ba. A 1867 kasuwancinsa ya karye, bashi ya yi masa katutu, abokan tafiyarsa suka fitar da shi daga kwamitin. Ya yi shekaru yana fama da talauci, duniya ta manta da shi, sai a 1895 wani ɗan jarida ya gano shi a wani gidan jinya a garin Heiden. A 1901 aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya ta farko, tare da wani Bafaranshe. Ya rasu a 1910.

Yanzu sai batun alama, wanda shi ne ya fi damun Baba da ire-irensa. Tutar Suwizalan ja ce da farin kuros a tsakiya. Alamar ƙungiyar kuwa ita ce aka juya launinta, jan kuros a kan farin ƙyalle, wanda soja zai hango daga nesa ya san ba abokin gaba ba ne. Amma ba mu ne muka fara nuna damuwa ba. A yaƙin da Daular Usmaniyya ta yi da Rasha a ƙarshen shekarun 1870, Turkawa sun ce kuros na sosa ran sojojinsu Musulmi, suka ɗauki jan jinjirin wata a madadinsa, kuma a 1929 aka amince da shi a hukumance. Shi ya sa mahajjatanmu suke ganin motocin jinjirin wata a Makka da Mina. Gida ɗaya ne, ƙa'idojin aiki ɗaya ne, kuma a cikin ƙa'idoji bakwai da aka tabbatar a Biyana a 1965 akwai rashin nuna bambancin addini ko ƙabila, da rashin ɗaukar ɓangare a rikici.

A Nijeriya, aikin ya fara ne a zamanin Turawa a ƙarƙashin Red Cross ta Birtaniya. A 1960 majalisa ta yi dokar da ta kafa ta ƙasa, a 1961 kuma aka karɓe ta a cikin dangin ƙungiyoyin duniya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 shi ne babban gwajinta. An ciyar da mayunwata masu ɗimbin yawa a ɓangarorin biyu, amma ba a rabu lafiya ba: gwamnatin tarayya ta zargi kwamitin Jeniba da karkata ga Biyafara, kuma a watan Yuni na 1969 aka harbo wani jirginsa na kayan agaji. Ba mu ce ƙungiyar ba ta da aibi ba. Wasu likitocin Faransa ma da suka yi aiki da ita a can sun zarge ta da yawan yin shiru, suka fita suka kafa tasu a 1971.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne aikin yau da kullum, wanda ba a cika jin sa a rediyo ba. Ƙungiyar tana da reshe a jihohi 36 da Abuja. Tana koyar da yadda ake tsayar da jini, da ɗaure karaya, da farfaɗo da wanda numfashinsa ya ɗauke. Tana da ƙungiyoyin iyaye mata masu bin gidaje suna wayar da kai a kan tsabta da rigakafi, tana da rassa a makarantu, tana kuma neman waɗanda suka ɓace ta haɗa su da danginsu, kamar yadda ta yi wa yara da yawa bayan fashewar ma'ajiyar makamai ta Ikeja a watan Janairu na 2002. An gan su a ambaliyar 2012 da ta 2022, da kuma a Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024. Sun kuma biya da rayukansu: a ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin soja ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, kuma 'yan sa kai shida na Red Cross suna cikin waɗanda suka rasu, sun je rabon abinci.

Mun san irin ƙoƙarin da 'yan agajin ƙungiyoyinmu na addini ke yi a masallatan Juma'a da filayen Idi, kuma ba muna neman a maye gurbinsu ba ne. Su ne ma suka fi cancanta a fara turawa. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titinmu bayan haɗarin mota ya ga yadda ake fizgo mai karayar wuya a cusa shi a bayan a-kori-kura, da kyakkyawar niyya, a ƙarasa shi kafin a kai asibiti. Kwamitin zartarwa zai sake gabatar da shawarar a taron Babbar Sallah. Ana buƙatar kowace unguwa ta ba da sunan namiji ɗaya da mace ɗaya, 'yan'uwanmu mazauna birane kuma su taimaka da kuɗin akwatunan magani da na mota.