Kwal ɗin da ya ja jirgin Malam Madori

1/ Jama'a, jirgin ƙasan da a da yake kwasar gyaɗa a Malam Madori, kusa da Haɗeja, ba da dizal ya fara ba. Da layin Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930, kwal ɗin Inugu yake ci.

2/ A 1909 aka gano shi a Udi. Ya ci rayuka fa: ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan Turawa suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley.

3/ Kwal mai yawan toka asara ne, ka biya dako, wuta ta ƙi ci. A da, sai an ƙona samfur a tanda, an auna tokar. Awanni!

4/ Yanzu akwai LIBS, dabarar da aka fara gwadawa a 1962. Hasken lesa ya daki kwal, ɗigon wurin ya yi walƙiya, na'ura ta karanta hasken. Kowane sinadari da launinsa: kabon, farar wuta, ƙarfe. Cikin daƙiƙu an gama. Da irinta Curiosity ke binciken duwatsun Mars tun 2012.

5/ Kafin ta kankama, jiragenmu sun koma dizal. Inda za ta yi rana yau shi ne Maiganga a Gombe, inda ake haƙo wa simintin Ashaka kwal.