Hutun Kaka a Ƙasar Maraɗi: Daga Rumbun Gandu zuwa Bakin Kasuwa

Manoman ƙasar Hausa suna da lissafin watanninsu na kansu, dabam da na Musulunci da na Nasara. A wannan lissafi shuka tana faɗowa ne a watan bakwai, kuma duk wanda ya ƙirga da baya zai tarar watan ɗaya yana kamawa ne a ƙarshen kaka, lokacin da aka gama ɗaurin damma aka kai su rumbu. Wato shekarar manomi da hutu take farawa. A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, inda hatsi da dawa da wake da gyaɗa suke riƙe da rayuwar jama'a, wannan hutu yana da tarihi, domin a kowane zamani akwai abin da yake ba da shi, akwai kuma masu cin rabonsa.

Sai mai karatu ya tuna halin da jikin manomi yake isowa kaka a cikinsa. Daga shuka zuwa noman farko da maimai, wata uku ko huɗu ke nan yana duƙe a gona, kuma aikin yana tsananta ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kafin agazari ya wuce an rame, ga sauro, ga zazzaɓi. Saboda haka kula da jiki a kaka da ciki yake farawa, tun da da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tumu ne bushara ta farko: a karyo zangarniyar hatsi tun ba ta gama bushewa ba, a gasa, a murje a tafin hannu. Sai ɗanyar gyaɗa, da dafaffen wake, da kabewa, sannan furar sabon hatsi mai kauri, wadda nono yake wadata a kanta saboda shanu sun ƙoshi da ciyawar damina. Yaron da ya yi wata biyu yana cin tafasa da ganyen yaɗiya, a cikin mako uku sai a ga fatarsa ta murje.

Bayan ciki sai wanzami. Mutane da yawa sukan jira a sauke aikin gona kafin su zauna a yi musu ƙaho a baya da kafaɗu, bisa imanin cewa wahalar damina ta tara mataccen jini. Kaciyar yara ma akan bar ta sai ɗari ya shigo, lokacin da miki ya fi saurin warkewa, ga kuma abincin da za a yi jinya da shi. Wanzamin kansa, kamar maƙeri da makaɗi, a kaka yake karɓar ladan shekara, dami ɗaya nan, dami biyu can. Aure kuwa kusan duk na kaka ne da farkon rani, domin a nan ne sadaki yake samuwa, a nan ne kuma ƴan mata suke da sukunin zaman lalle da kitso. Da dare, idan wata ya yi fari, samari su fita dandali kokawa, mahauta su bi garuruwa da dambe, Fulanin da suka sauko cin kara su yi sharo. Wanda bai san ƙauye ba zai ce wane irin hutu ne wannan, a bar hauya a kama ƙugun ƙato. Amsar ita ce, ƙarfin da aka kashe wa gandu wata huɗu, yanzu mai shi ne yake kashe shi yadda ya ga dama, kuma abin da Bahaushen karkara yake kira hutu ke nan.

To amma me yake ɗaukar nauyin wannan hutu? Rumbu ne, da dokar da aka kafa a kansa. Masanin nan Bafaranshe Claude Raynaut, wanda ya yi shekaru yana bincike a ƙauyukan Maraɗi tun daga shekarun 1960, ya bayyana tsarin dalla-dalla. Gona iri biyu ce: gandu, wanda kowa a gida yake nomawa ƙarƙashin maigida, da gamana, ƴar gonar da mace ko saurayi yake nomawa don kansa. Idan aka gama girbi aka fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, maigida yakan raba wa matansa wani kaso, sannan ya rufe rumbun gandu ya liƙe, ba a sake buɗe shi sai damina ta kama. Hikimar a fili take: hatsin da za a ci lokacin noma shi ne jarin shekara mai zuwa, kuma gidan da ya taɓa shi da rani zai yi noma da yunwa. Kwanciyar hankalin kaka daga wannan rufaffen rumbu take fitowa. Mutum yana iya kwana a dandali ne saboda ya san abincin watan bakwai yana nan a ajiye.

A nan ne kuma ya kamata a faɗi abin da masu begen zamanin da ba su cika son faɗa ba. Rufe rumbun gandu yana nufin cewa daga kaka zuwa bazara mace ce take ciyar da kanta da ƴaƴanta, daga kason da aka ba ta, da amfanin gamanarta, da ribar ƙuli-ƙuli ko fura. Roron wake nata ne, sussuka da sheƙa da surfe da daka nata ne, ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba da yawa nata ne. Ranar da namiji ya rataye hauya, ita taɓarya ta ƙara nauyi a hannunta. Hutun da mace take samu a kaka na gidan biki ne da na ganin gida, kwana kaɗan a wajen iyayenta, kuma shi ya sa mata ba sa wasa da waɗannan biyun.

A ƙarni na 19 akwai wani mai cin rabon hutun, wato yaƙi. Bayan jihadi ya kori sarakunan Haɓe daga Katsina a 1807, zuriyarsu ta kafu a Maraɗi wajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tsibirin nan ita ce take cikin gundumar Gidan Rumji a yau. Tsakanin waɗannan garuruwa biyu da daular Sakkwato ba a daina kai hari ba har ƙarshen ƙarnin, kuma ba a hawa da damina: sai ƙasa ta bushe, dawaki sun ƙoshi, rumbuna sun cika, akwai abin kwasa. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya ratsa Gazawa a watan Janairu na 1851 a kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina, ya tarar da gari a cikin kafi, a bakin wani daji da ayari ba ya shiga sai da shiri saboda mahara. Manomin wancan zamani yana da rumbu cike, amma barcinsa rabi ne.

Duk da haka, zamanin ya bar wata al'ada da take nuna yadda aka ɗauki yalwar kaka. Manomin da ya kai ga damma dubu a shekara ɗaya yana iya yin bikin da ake kira dubu: ya tara jama'a da makaɗa, ya rabar da dukiya mai yawa, a naɗa shi sarkin noma. Guy Nicolas, wanda ya rubuta a kan arnan kwarin Maraɗi, ya kwatanta wannan biki da na wasu al'ummomin Amurka ta Arewa da suke neman girma ta hanyar rabar da abin hannunsu. A wannan tunani, yalwar da ta wuce bukatar gida ta dandali ce, kuma girman mutum yana zuwa daga yawan waɗanda suka ci suka huta a inuwarsa.

Zuwan Faransa a farkon ƙarni na 20 ya kawar da hare-hare, ya kawo haraji na kuɗi, wanda ake karɓa a kan kowane baligi kuma daidai bayan girbi. Tun da manomi ba ya shuka tamma, dole ya sayar da wani abu, kuma abin da kamfanonin Turawa suke so shi ne gyaɗa. Daga shekarun 1930 Maraɗi ta zama cibiyar cinikinta, da ƴan baranda da masu awo da suke bin kasuwannin ƙauye, waɗanda daga cikinsu ne da yawa daga Alhazan Maraɗi suka taso, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986. Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ya riƙe cinikin. Ga talaka, ma'anar kaka ta sauya: buɗe awon gyaɗa, biyan haraji, abin da ya rage a sayi turmin atamfa da gishiri. Haka kuma da rani ne ake ɗibar mutane aikin tilas na hanyoyi, har sai da dokar 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke shi. Kuɗi ya shigo ƙauye, ba a musu, kuma bukukuwan shekarun gyaɗa sun fi na da ƙawa. Amma saurayin da ya gane cewa gamanarsa tana iya ba shi kuɗin aure ba tare da maigida ba, ya fara janye jiki daga gandu, gidaje suka rarrabu, manyan rumbuna suka zama ƙanana.

Farin 1973 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975 suka rushe wannan ciniki. A 1984 ga wata yunwar, wadda mutanen yankin suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Gwamnatin Seyni Kountché ta soke harajin kai a ƙarshen shekarun 1970, sai dai jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, saura ta ƙare. Cin rani, wanda da can almajirai da masu sana'a ne suke yi don rage wa rumbu baki, ya zama hanyar yawancin samari: ana gama ɗaurin damma su nufi Katsina, Kano, Legas, daga baya har Agadas da Libiya. Abin lura shi ne, a cikin waɗannan shekaru ne kokawa ta tashi daga dandalin ƙauye ta zama ta ƙasa. An yi gasar takobi ta farko a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kuma sunansa ne filin kokawar Maraɗi yake ɗauke da shi. Ƙauyen da samarinsa suka tafi ci-rani sai ya koma sauraron kokawa a rediyo.

Matsin ƙasa ya taɓa har zumuncin manomi da makiyayi, wanda kaka ce lokacinsa: shanu su ci kara, gona ta sami taki, a yi musanyar nono da hatsi. Da burtali ya shige cikin gona, kara da harawa suka zama abin sayarwa, ranar sakin gonaki ta zama ranar fargaba. A ƙarshen Oktoba na 1991, a Toda ta ƙasar Gidan Rumji, rikici a kan ɓarnar gona ya ƙare da kisan mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yaran Fulani. Dokar tsarin karkara ta 1993, da kwamitocin filaye da suka biyo bayanta, da sanya ranar sakin gonaki a hukumance, duk suna ɗauke da tabon wannan rana.

Shekarar 2005 ta fito da sauran abin da yake ɓoye. Maraɗi, wadda ake kira rumbun Nijar, ita ce ta cika cibiyoyin jinya da yara masu tamowa, alhali hatsi yana nan a kasuwa. Buhun da ake sayarwa wajen jaka 10 na sefa bayan girbi ya kai kusan jaka 30 a tsakiyar damina. Yadda abin yake aiki ba boyayye ba ne: manomi ya ci bashi da damina a kan zai biya da damma, irin abin da ake kira falle, kaka ta yi ya biya a lokacin da hatsi ya fi araha, ya sayar da wani don biki da magani, kafin bazara ya koma sayen nasa hatsin da tsada ninki biyu ko uku. Rumbun da ba a cika ba, ba a maganar rufe shi. A kudancin jihar kuma, inda ƙasa ta fi tsukewa, mata da yawa sun rasa gamana gaba ɗaya, abin da Marthe Diarra da Marie Monimart suka rubuta a kansa tun 2004.

Abin sha'awa, magungunan da suka fi kama ƙasa tsohuwar dokar rumbu ce aka sake wa riga. Jinginar hatsi, wadda hukumar FAO ta yaɗa a Nijar tun daga ƙarshen shekarun 1990, ita ce a kulle buhuna a sito a kaka, a karɓi rance a kansu, a buɗe idan farashi ya tashi. A Agye, aikin raya karkara da asusun FIDA ya tallafa wa ya kafa rumbunan mata bayan 2005, waɗanda ake buɗewa da damina a ba da aron hatsi, a mayar a kaka. A ƙauyuka irin Ɗan Saga kuma manoma sun koma barin kututturen gawo da kalgo da sabara su tofo a gona suna yi musu sassabe mai kyau, abin da ya rage wa mata tafiyar neman itace. Tun 2013 ana raba wa ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata daga tsakiyar damina zuwa Oktoba, domin watannin da ake murnar tumu su ne kuma waɗanda zazzaɓi ya fi kwantar da yara.

Malaman makaranta sun san wani ɓangaren da ba a rubuta ba. Ana komawa aji a Oktoba, daidai lokacin girbi da roro, kuma a ƙauyuka da yawa bencina ba sa cika sai an kai damma gida. Kalandar boko da aka gada daga Faransa ta sa komawa aiki a watan da manomi yake shirin sauke nasa.

A yammacin yankin kuwa, wani abu mai kama da na ƙarni na 19 ya dawo. A 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako iyaka zuwa ƙauyukan Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, har aka tsugunar da wasunsu a Cadakwari da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Masu masaukinsu sun buɗe musu rumbunan da ba su ishe su kansu ba. Satar shanu da garkuwa da mutane sun ƙetaro tare da su, kuma a garuruwan bakin iyaka da abin ya shafa, manomin da ya sayar da amfani mai yawa a kaka ya koyi kada ya bari a sani.