Gulbin Kabi da Bikin Su na Argungu

Garin Argungu yana bakin Gulbin Kabi ne, kimanin mil 60 kudu maso yamma da Sakkwato. Gulbin nan shi ne ya tattaro ruwan Rima da na Sakkwato, ya ratsa ƙasar Kabi, ya je ya faɗa Kwara. Da damina ya kan cika ya batse, ya malale fadama mai faɗin gaske. In rani ya yi sai ya janye, ya bar tafkuna da wurare masu zurfi nan da can, kifi ya taru a ciki. A fadamar a ke noman shinkafa, a tafkunan kuwa a ke su. Da waɗannan biyu Kabawa su ke rayuwa tun kaka da kakanni.

Wajen shekarar 1516 Muhammadu Kanta ya ƙi bin Askiya na Sanwai, ya kafa mulkin Kabi, ya gina birninsa a Surame. Masu ba da labari sun ce yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda ya kan shiga ya kewaya garuruwansa sa'ad da ruwa ya cika. Wannan ya nuna tun farko gulbin ne hanyar sarautar Kabi.

Daga baya sarauta ta koma Birnin Kabi. A 1805 rundunar jihadi, a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta ci birnin. Waɗansu Kabawa suka bi, waɗansu kuwa suka ƙi, suka komo Argungu suka yi zamansu. Daga nan gaba ta kafu tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu. A 1849 Yakubu Nabame ya ta da Kabi, Zabarmawa da Arawa suka taimake shi. A zamanin Sarki Abdullahi Toga aka yi amana ta 'yan shekaru, ita ce a ke kira Lafiyar Toga, amma ba ta daɗe ba. Cikin dukan wannan zamani gulbin ya zama wa Argungu kamar ganuwa ta biyu, domin doki ba ya sukuwa cikin laka, mai jirgi kuwa ya san hanyarsa. Daga 1849 har Turawa suka zo ba a ci garin ba.

Duk da yaƙe-yaƙen nan, masunta ba su bar tsarinsu na da ba. Ruwa yana da shugabanninsa, watau Sarkin Ruwa da Homa. Akwai wuraren da a kan tsare, ba mai jefa taru ciki sai an ba da izini. In lokaci ya yi, a kan fara da gyaran ruwa, sa'an nan a yi fashin ruwa, watau a buɗe shi ga jama'a, kowa ya shiga rana ɗaya. Hikimar abin a fili ta ke: kifin da aka ƙyale ya hayayyafa ya girma, shi ne zai ciyar da gari baɗi.

A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ziyara ce mai nauyi ƙwarai, gama kakannin sarakunan nan biyu sun daɗe ba su haɗuwa sai a fagen fama. Kabawa suka ga ba abin da ya kamata su tarbi babban baƙo da shi kamar abin da suka fi gwaninta a kai, saboda haka aka shirya masa gagarumin su. Daga wannan ziyara a ke lissafin bikin da duniya ta sani yanzu. Gulbin da ya raba mutane jiya, shi ne ya tara su.

Ran babban su, masunta dubbai su kan yi layi nesa kaɗan da gaɓar Matan Fada, kowa da homarsa da babban goransa. Goran nan amfaninsa biyu, a kansa masunci ke kwanciya ya yi iyo, cikinsa kuma ya ke zuba abin da ya kama. Da an harba bindiga sai su ruga su faɗa ruwa gaba ɗaya, makaɗa na cikin jirage suna zuga su. Bayan kamar sa'a guda a tsaya, a auna, wanda ya kamo kifi mafi nauyi, yawanci giwan ruwa, shi ya ci. Akwai kuma wasannin da a ke kira kabanci: tseren jirage, da iyo, da nutso, da kamun agwagwa, da kamun kifi da hannu. Duk sana'ar mutanen bakin ruwa ce aka mayar wasa.

Amma biki ba ya fin ruwan da ke ɗauke da shi. An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, dukansu sama da Argungu. Sun amfani masu noman rani, amma sun rage ambaliyar da kifi ke bi ya shiga fadama ya yi ƙwai. A 2006 ruwa ya yi ƙaranci har aka hana su. Bayan na 2009 kuma bikin ya tsaya shekara goma saboda rashin zaman lafiya a ƙasa. Cikin wannan tsakani, a 2016, hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da a ke kiyayewa domin duniya duka. Da aka komo da shi a 2020, kifin da ya ci ya kai kilo 78.

Kifi irin wannan ba a shekara ɗaya ya ke girma ba. Baƙon da ya zo kallo sa'a guda ya ke gani, amma abin da ya haifi sa'ar nan shi ne haƙurin masuntan da suka bar Matan Fada ya huta, da ruwan da ya iso musu daga sama, da lafiyar da ta bar mutane suka taru. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, homa za ta fito wayam.