Ranar da Fuska Ta Zama Haja: Tarihin Jarfar Mutanen Maori



Yau tafiyar mai nisa ce. Za mu bar Afirka gaba ɗaya, mu tsallaka teku zuwa ƙasar Niyu Zilan, can kudu maso gabashin Ostireliya. Abin da zai kai mu can shi ne jarfa, wato zanen da ake yi wa fata a cusa mata baƙi ya zauna har mutuwa, wanda matasan yanzu suka fi sani da tatu. Kafin wani ya ce na zo tallar abin da malamai suka hana, a'a, hukuncin jarfa a addininmu sananne ne, kuma ba shi ne darasinmu na yau ba. Tarihi za mu yi, tarihin wasu mutane da suke ɗauke da sunansu da asalinsu a fuska, sai aka wayi gari fuskar ta zama abin sayarwa.

Mutanen su ne Maori, 'yan asalin ƙasar. Kakanninsu sun iso waɗannan tsibirai cikin manyan kwalekwale daga gabashin tekun Fasifik, wajen ƙarshen ƙarni na 13. Da al'adar jarfa suka zo, domin ta game duk tsibiran yankin. Ita kanta kalmar tatu daga can ta fito: a tsibirin Tahiti ana cewa "tatau", kuma ta shiga Turanci ne ta hanyar tafiyar Kyaftin James Cook ta 1769.

To amma ta Maori daban take. Su suna kiranta "ta moko". Sauran tsibirai tsira fata suke yi, su kuwa Maori sassaƙa fuska suke yi kamar yadda ake sassaƙa itace. Gwanin aikin yana da wata 'yar aska da ake kira "uhi", wadda ake feƙewa daga ƙashin wani babban tsuntsun teku. Zai ɗora ta a fata ya riƙa bugawa da ɗan sanda har ta tsaga nama, sannan ya cusa baƙin da aka haɗa da kunkunniya. In ya warke, za ka ga layukan sun yi kwari, ko da hannu ka shafa za ka ji su. Fuska takan kumbura har mutum ya kasa tauna, sai a riƙa ɗura masa abinci mai ruwa-ruwa ta wani mazurari na itace. Maza ana yi musu a fuska duka, da cinyoyi da mazaunai. Mata kuwa galibi leɓe ne da haɓa, shi ake kira "moko kauae".

Me zai sa mutum ya jure wannan azaba? Akwai labarin da suka gada kaka da kakanni. Wai wani saurayi mai suna Mataora ya auri Niwareka, 'yar mutanen ƙarƙashin ƙasa. Wata rana ya doke ta, ta yi yaji ta koma gidan ubanta Uetonga. Mataora ya bi sawu yana nadama, ya isa a galabaice, gumi ya dame fentin da ya shafa a fuska. Surukin nasa ya sa hannu ya goge fentin, ya nuna masa cewa adon da ake gogewa ba ado ba ne, sannan ya sassaƙa masa wanda ba ya fita. Mataora ya komo duniya da matarsa da wannan ilimi, bayan ya ɗau alkawarin gyara halinsa. Har yau jarfar fuskar namiji sunanta "mataora". Kun ga tun daga tushe an ɗaure abin da alkawari da nauyin da mutum ya ɗauka.

A wurin Maori, kai shi ne gaɓa mafi alfarma a jikin ɗan Adam. Abin da aka rubuta a kansa kuwa yana magana ne a kan dangin mutum da matsayinsa a cikin jama'a, kuma ba a samun mutum biyu masu zane iri ɗaya sak.

Ga misalin da ya fi burge ni. Wani basarake mai suna Te Pehi Kupe, na ƙabilar Ngati Toa, ya hau jirgin ruwan Turawa a 1824 ya ƙi sauka, ya ce sai an kai shi Ingila. A birnin Liverpool wani mai zane ya zauna zana hotonsa. Te Pehi bai damu da yadda za a fitar da hancinsa ko idonsa ba, damuwarsa kada a kuskure layi ko ɗaya na jarfar. Ya karɓi alƙalami ya zana ta da kansa, da ka, ba madubi. Ya nuna musu cewa yadda Bature yake rubuta sunansa a takarda, shi nasa sunan yana goshinsa. Har na 'yan'uwansa ya zana, kowa da nasa.

Kuma ba zancen baki ba ne kawai. A 1831 sarakuna 13 na arewacin ƙasar sun aika wa Sarkin Ingila William na Huɗu wasiƙa, kuma zanen fuskokinsu suka yi a matsayin sa hannu. Haka a yarjejeniyar Waitangi ta 1840, wadda sarakuna sama da 500 suka rattaba wa hannu, wasunsu wani yanki na jarfarsu suka zana a gurbin suna.

To yanzu ku gyara zama, domin nan ne labarin ya yi ɗaci.

Maori suna da al'adar adana kan mamaci. Ana cire ƙwaƙwalwa, a turara kan, a ƙyafe shi da hayaƙi, a shanya a rana, a shafe da mai, sai fata da gashi da jarfa su zauna yadda suke. In na babban mutum ne a dangi, ana ajiye shi a ɓoye cikin daraja, sai ranar wani muhimmin taro a fito da shi a yi kuka. In na abokin gaba ne da aka kashe a yaƙi, ana riƙe shi, kuma ranar sulhu mayar da shi ga danginsa yana cikin sharuɗɗan zaman lafiya. Ba wanda ya taɓa kallon abin a matsayin kuɗi.

A watan Janairun 1770, Joseph Banks, masanin tsirrai da ke cikin jirgin Cook, ya karɓi kan wani yaro ya ba da tsohon wandon ciki. Wannan shi ne ciniki na farko da aka rubuta. Shekara hamsin bayan haka, abin ya zama kasuwa sosai.

Dalilin kuwa bindiga ce, irin wadda mu muke kira bindigar toka. Ƙabilun arewa ne suka fara samunta daga jiragen Turawa. A 1820 Hongi Hika, jagoran yaƙin Ngapuhi, ya je Ingila ya gana da Sarki George na Huɗu, ya komo ta birnin Sidni da ɗaruruwan bindigogi. Daga nan lissafi ya sauya: ƙabilar da ba ta da bindiga, ƙarewa za ta yi. Masana sun ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu a waɗannan yaƙe-yaƙe sun kai 20,000. Kowa ya shiga neman abin da Bature zai karɓa ya ba da bindiga: aladu, dankali, zaren igiya, katako. Sai aka gano akwai hajar da ta fi su saurin shiga, wato kai mai jarfa, domin gidajen tarihi da attajiran Turai suna rububinsa.

Kun san halin kasuwa, in mai saye ya yi yawa sai jabu ya fito. Da kawunan mayaƙa suka yi ƙaranci, sai aka koma kan bayin da aka kamo a yaƙi, mutanen da a da ba su da hurumin jarfa. A zana musu fuska cikin gaggawa, a kashe su, a sayar. Wasu ma bayan sun mutu aka zana. Zanen da aka san shi da faɗin wane ne kai, yanzu ana yin sa a fuskar da ba ruwan kowa da sunan mai ita. Abin lura a nan, Turawa ne suka buɗe kasuwar suka sa farashi, amma hannun da ya riƙe askar na gida ne, tsoron hallaka ya tura shi. Mu da muka karanta tarihin cinikin bayi a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, wannan lissafi na bindiga da mutum ba baƙo ba ne a wurinmu.

A watan Afrilun 1831 Gwamna Ralph Darling da ke Sidni ya haramta cinikin. Amma ɗaruruwan kawuna sun riga sun fice. Wani hafsan sojan Ingila, Horatio Robley, wanda ya yi yaƙi a ƙasar a shekarun 1860, shi kaɗai ya tara fiye da 30. Akwai hotonsa yana zaune, an jera su a bango a bayansa kamar kayan kanti. Daga baya ya sayar wa wani babban gidan tarihi a birnin Niyu Yok.

A gida kuma jarfar ta shiga ja da baya. 'Yan mishan suna kushe ta, rayuwa ta sauya, filaye suna suɓucewa zuwa hannun baƙi, yara suna shan bulala a makaranta in sun yi harshen iyayensu. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, da wuya ka ga saurayin da aka yi wa cikakkiyar jarfar fuska. Mata ne suka riƙe abin. A ƙauyuka sun ci gaba da yin ta haɓa har wajen shekarun 1950, sai dai allura ta maye gurbin uhi. Da marubucin tarihi Michael King ya zaga ƙasar tare da mai ɗaukar hoto Marti Friedlander, tsofaffin mata kimanin 70 ya samu ya zanta da su, littafin ya fito a 1972. Mutane da yawa sun ɗauka hoton bankwana ne.

Ashe ba haka ba ne. A wannan shekarar ta 1972 matasan Maori, ɗalibai da 'yan gwagwarmaya, suka kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum sama da 30,000, suna neman a koyar da harshensu a makarantu. A 1975 wata dattijuwa 'yar shekara 79, Whina Cooper, ta jagoranci tattaki daga ƙuryar arewa har babban birni Wellington a kan batun filaye. A 1987 harshen Maori ya zama harshen hukuma. Cikin wannan farkawa ne jarfar ta dawo, jikoki suna duba hotunan kakanninsu suna tambayar dattawa ma'anar kowane layi.

Sai kuma neman kawunan da suka tafi. Tun 2003 gidan tarihin ƙasar, Te Papa, yake da shiri na musamman na bin sawunsu ƙasa-ƙasa. Ba a sha da daɗi ba. A 2007 birnin Rouen na Faransa ya yanke shawarar mayar da kai guda da ke hannunsa, ma'aikatar al'adu ta ƙasar ta garzaya kotu ta hana, wai ai dukiyar ƙasa ce. Ku ji fa, kan kakan wani ya zama dukiyar Faransa. Sai da majalisa ta yi doka a 2010, aka mayar da shi a 2011, wasu 20 suka biyo baya a 2012. A 2014 na Robley su ma suka koma gida daga Amurka. In sun iso, ana tarbarsu da kuka da addu'o'i kamar yadda ake tarbar gawar ɗan'uwa. Abin tausayin shi ne da yawansu ba a san ko su wane ne ba, domin wanda ya saya bai taɓa tambayar suna ba.

Yau abin ya kai inda ba a zata ba. Nanaia Mahuta ta yi jarfar haɓa a 2016 tana 'yar majalisa, a 2020 ta zama ministar harkokin waje, ta riƙa zama da manyan duniya da zanen kakanninta a fuska. A ƙarshen 2021 Oriini Kaipara ta karanta babban labaran yamma a talabijin da nata zanen. Sai dai tsohuwar matsalar ba ta mutu ba, riga ta sauya. Kun san zanen fuskar ɗan dambe Mike Tyson, wanda aka kwaikwayo daga salon Maori. A 2011 Ba'amurken da ya yi masa shi ya kai kamfanin fim na Warner Bros kotu, wai an kwafi fasaharsa a wani fim. Masanan Maori suka ce ikon Allah, wanda ya ɗebo daga rumbunmu bai yi sallama ba, shi ne yake ƙarar an yi masa sata. Sun kuma ware wata kalma, "kirituhi", ga zanen ado da kowa zai iya yi, suka bar moko ga mai asali.

Da nake haɗa wannan shiri, kakata ce ta yi ta faɗo mini a rai. Tana da zane a kumatu da 'yar jarfa a gefen ido. Na girma ina kallonsu kullum, ban taɓa tambayarta wa ya yi mata ba, a wane gari, tana da shekara nawa, me suke nufi. Ta rasu da amsar. Mu ma nan, kafin katin ɗan ƙasa, askar wanzami ce take faɗin wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, wancan Bakabe. Al'adar tana ƙarewa, kuma ni ba na cikin masu cewa a dawo a riƙa tsaga fuskar jarirai. Amma ilimin da ke cikin zanen bai kamata ya bi masu shi kabari ba. Maori sun ci sa'a wani ya zauna da tsofaffin nan 70 kafin su tafi.

Don haka ga aikin gida. In akwai tsoho ko tsohuwa mai zane a gidanku, ku je ku gaishe su, ku nemi izini, ku kunna rikodar waya ku tambaya. Ku rubuta sunan zanen, da garin da aka yi shi, da abin da su suka ce yana nufi, da bakinsu.

Nan za mu dakata.