Tarihin Koyarwar Matakan Tunanin Yaro: Daga Jeniba Zuwa Makarantar Lahadi

Gabatarwa

Yawancinmu da muka bi ta kwalejin horon malamai, ko muka zauna a ajin Ilimin Kirista a makarantar tauhidi, mun haddace matakai huɗu na girman tunanin yaro. Mun rubuta su a jarrabawa, mun ci, mun wuce. Kaɗan ne daga cikinmu aka gaya wa inda koyarwar ta fito da irin gardamar da aka yi a kanta. Ga shi kuwa tana aiki a cikin ikkilisiya, ko mun sani ko ba mu sani ba. Duk lokacin da kwamiti ya raba yaran makarantar Lahadi aji-aji bisa ga shekaru, ko dattijo ya ce wa yarinya ta dakata tukuna domin hankalinta bai kai na ajin baftisma ba, ana yanke hukunci ne a kan abin da yaro zai iya fahimta. Idan mudun ya karkace, yaron ne zai yi hasara. Saboda haka bari mu bi tarihin wannan mudu, mu ga wanda ya ƙera shi, da inda ya auna daidai, da inda ya tauye.

Mutumin da ya saurari amsar da ba daidai ba

Tun a 1762 Jean-Jacques Rousseau, ɗan birnin Jeniba, ya yi rubutu cewa yaro yana girma ne hawa-hawa, kowane hawa da irin tarbiyyar da ta dace da shi. Amma wanda ya mai da batun ya zama binciken kimiyya shi ne Jean Piaget, wanda ake furta sunansa Piyaje. An haife shi a garin Neuchâtel na ƙasar Siwizalan a 1896. Mahaifinsa shehin malami ne a jami'ar garin, mahaifiyarsa kuma mai riƙon addini ce ƙwarai a ɗariƙar Furotesta. A ƙuruciyarsa ya yi himma a ƙungiyar ɗalibai Kirista ta ƙasarsu. Sai dai ilimin halittu ne ya fara jan hankalinsa. A 1907, yana ɗan yaro, aka buga ɗan gajeren bayaninsa a kan wani gwara zabiya da ya gani. A 1918 ya sami digirin digirgir, bayan shekaru yana nazarin katantanwa.

A 1919 ya tafi Paris, inda Théodore Simon, abokin aikin marigayi Alfred Binet, ya ba shi aikin gwada wasu tambayoyin auna basira a kan yaran makaranta. Abin da aka sa shi kawai shi ne ya ƙirga amsoshin da suka yi daidai. Shi kuwa sai ya mai da hankali ga waɗanda ba su yi daidai ba. Ya lura cewa yaran da suke tsara ɗaya suna yin kuskure iri ɗaya, idan kuma ya tambaye su dalili, suna da hujjar da suke bi. Daga nan ya gane cewa yaro yana da tasa hanyar tunani, wadda ta bambanta da ta babba tun daga tushe. A 1921 aka kira shi zuwa Cibiyar Rousseau a Jeniba. Bayan ya yi aure, shi da matarsa suka riƙa lura da 'ya'yansu uku, waɗanda aka haifa tsakanin 1925 da 1931, suna rubuta abin da suke yi tun daga goyo.

Matakai huɗu

Daga wannan aiki na shekaru da yawa Piyaje ya fito da matakai huɗu.

Na farko, daga haihuwa zuwa wajen shekara 2, jariri yana sanin duniya ta hannu da baki da motsi. Idan aka rufe abin wasansa da zane, ɗan wata biyar ba ya nemansa, kamar abin ya daina kasancewa. Wajen wata takwas zai fara ɗaga zanen.

Na biyu, daga shekara 2 zuwa wajen 7, yaro ya sami magana da wasan kwaikwayo, amma ido yana rinjayar hankalinsa. Gwajin da ya fi shahara shi ne na ruwa. A zuba ruwa daidai wa daida a kofuna biyu, yaron ya yarda cewa ɗaya suke. Sai a juye na kofi ɗaya a cikin dogon kofi siriri a gabansa. Ɗan shekara biyar zai ce yanzu na dogon kofin ya fi yawa. Haka yake a wajen hukunci. A bincikensa na 1932 Piyaje ya ba yara labarin yaro da ya fasa kofuna 15 ba da gangan ba, da wani da ya fasa guda ɗaya garin ɗaukar abin da ba a ba shi ba. Ƙananan suka ce na farko ya fi laifi, domin ɓarnarsa ta fi yawa. Manyan suka duba nufin zuciya.

Na uku, daga wajen shekara 7 zuwa 11, yaro yana iya mai da abu baya a cikin kansa. Zai ce ruwan bai ƙaru ba, domin idan aka mayar da shi zai koma yadda yake. Yana iya jerawa da rarrabawa da lissafi, muddin abin yana gabansa ko ya saba da shi.

Na huɗu, daga wajen shekara 11 ko 12, matashi yana iya tunani a kan abin da bai faru ba. Yana iya cewa "da a ce", ya bi maganar har ƙarshenta. Piyaje da abokiyar aikinsa Bärbel Inhelder sun bayyana wannan mataki a 1955. Sun ba matasa igiya da nauyi a ƙarshenta tana lilo, su gano abin da ke sa saurinta. Wanda ya kai matakin yakan canza abu ɗaya ya bar sauran, har ya gano cewa tsawon igiyar ne dalili. Wannan ne kuma lokacin da matashi yake fara tuhumar abin da aka koya masa.

Ya kamata mu lura cewa abin da Piyaje ya nace a kai shi ne jerin matakan, cewa ba a tsallake wani. Shekarun kuwa ƙiyasi ne kawai. Waɗanda suka zo bayansa ne suka riƙe lambobin kamar doka.

Yadda koyarwar ta shigo ikkilisiya

Lawrence Kohlberg ya ɗauki tsarin ya kai shi ga ɗabi'a. A 1958, a Jami'ar Shikago, ya yi hira da samari 72 a kan matsaloli masu wuyar warwarewa, ya fito da matakai shida, daga yin biyayya don tsoron horo har zuwa bin gaskiya don ita kanta.

Wanda ya fi taɓa aikinmu shi ne Ronald Goldman na Jami'ar Reading a Ingila. A binciken da ya buga a 1964 ya yi hira da yara 200, 'yan shekara 6 zuwa 17, a kan labarai uku: Musa da kurmi mai cin wuta, ƙetare Bahar Maliya, da gwajin Yesu a jeji. Amsoshin ƙananan sun bi tsarin Piyaje. Game da amsar da Ubangiji ya ba Shaiɗan a kan gurasa, akwai waɗanda suka ɗauka ma'anarta ita ce kada a ci gurasa gaya, sai an haɗa da wani abu. Goldman ya kammala cewa sai wajen shekara 13 yaro yake iya gane ma'anar da ke bayan irin waɗannan labarai, cewa kuma Littafi Mai Tsarki ba littafin yara ba ne. A 1965 ya ba da shawara a rage labaran Nassi ga ƙanana, a fara da batutuwan rayuwa kamar gida da abinci da tumaki. Manhajojin addini da dama a makarantun Ingila suka bi wannan shawara.

A 1981 James Fowler, fasto na Metodis kuma malami a Jami'ar Emory ta Amurka, ya fito da matakan bangaskiya guda shida, bayan hira da mutane 359. Ya gina su a kan aikin Piyaje da Kohlberg da Erik Erikson. Ta hanyar littattafan Ilimin Kirista wannan tsari ya kai makarantun tauhidi a ƙasashe da yawa.

Gyaran da ya biyo baya

Tun kafin wannan duka, wani tsaran Piyaje a Rasha, Lev Vygotsky, ya ga inda tsarin ya gaza. Shi ma an haife shi a 1896, amma tarin fuka ya kashe shi a 1934, littafinsa kuma bai fito da Turanci ba sai 1962. Ya ce auna abin da yaro zai iya shi kaɗai rabin labari ne. Akwai abin da zai iya yau da taimakon babba, wanda gobe zai iya da kansa, kuma a wannan tazara koyarwa take aiki. Ke nan malami ba sai ya zauna jiran yaro ya nuna kamar mangwaro ba.

A Edinburgh ta Sikotilan, Margaret Donaldson da James McGarrigle sun sake gwajin a 1974. Maimakon babba ya baza jerin ƙwayoyin da hannunsa, sai wata 'yar tsana "marar ji" ta ɓata jerin kamar da wasa. Yara 'yan shekara 4 zuwa 6 da yawa da suka faɗi a gwajin farko suka ba da amsa daidai. Dalilin kuwa, idan babba ya taɓa abu ya sake tambaya, yaro yakan ɗauka ana so ya canza amsa ne. A shekarun 1980 Renée Baillargeon ta nuna cewa jarirai 'yan wata huɗu zuwa biyar suna da alamar sanin cewa abin da aka ɓoye yana nan, tun kafin hannunsu ya iya nemansa.

Afirka ta ba da nata gyaran. A 1961 Douglass Price-Williams ya buga gwajin da ya yi wa yaran Tibi a ƙasarmu, inda ya yi amfani da ƙasa da ƙwayoyin da suka saba gani. Suka nuna fahimta a shekarun da suka yi kusa da na yaran Jeniba. A Sanagal, Patricia Greenfield ta gwada yaran Wolof da ba su shiga boko ba. Da yawa suka ce ruwan ya canza domin ita ce ta juye shi. Da ta bar su suka juye da hannunsu, amsoshin da yawa suka gyaru. A Laberiya, John Gay da Michael Cole sun nuna a 1967 cewa manoman Kpelle, waɗanda lissafin boko ya ba su wuya, sun fi Amurkawa masu ilimi iya ƙiyasta yawan shinkafa a kwano. Wani abokin bincikensu, Joseph Glick, ya ba mutanen kaya su rarraba. Suka haɗa wuƙa da abin da ake yankawa, suka ce haka mai hankali yake yi. Da ya tambaya yadda wawa zai yi, sai suka ware kayan aiki gefe ɗaya, abinci gefe ɗaya, wato ainihin amsar da gwajin yake nema. Shi kansa Piyaje, a 1972, ya yarda cewa mutum yana iya nuna tunanin mataki na huɗu a cikin sana'ar da ya ƙware, ko da bai nuna shi a gwajin makaranta ba. Ya rasu a Jeniba a 1980.

Abin da tarihin ya bar mana

Babban abin da Piyaje ya gano yana nan daram: kuskuren yaro yana da hujja, wanda kuma yake so ya koyar da shi sai ya fara sauraronsa. Mai wa'azin da ya ba 'yan shekara biyar misalin da ke bukatar fassara hawa biyu, zai tashi yana tsammani sun gane, su kuwa sun tafi gida da wani abu dabam. Tambaya ɗaya, "Me ya sa ka ce haka?", za ta nuna mana abin da ya shiga.

Inda aka yi kuskure shi ne lokacin da aka mai da matakan suka zama ƙofa a kulle. Goldman ya auna iya bayanin yaro, ya ɗauke shi a matsayin iyakar abin da labarin yake yi a cikinsa. Amma yaron da bai iya fassara ƙetare Bahar Maliya ba yana iya riƙe cewa Allah ya ceci mutanensa sa'ad da ba su da mafita, ma'anar kuma ta ci gaba da buɗuwa yana girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan muka hana shi labarin sai ya kai 13, da me zai yi tunani a ranar da ya kai?

Binciken Afirka kuma gargaɗi ne gare mu masu gwada mutane kafin baftisma. Sau da yawa abin da muke aunawa shi ne sabo da irin tambayarmu. Yarinyar da ke ba da canji daidai a kasuwa, ko tsohuwar da ke sasanta rigimar gida da hikima, tana iya yin shiru a gaban kwamitin dattawa don kunya da ladabi. Kada mu karanta shirun a matsayin ƙarancin hankali. Mu tambaye ta da harshenta, da misalin abin da hannunta ya sani.

Haka kuma tsanin Fowler yana da amfani wajen gane matashin da ya fara tambayoyi masu zafi. Wannan alamar girma ce, yana bukatar wanda zai zauna da shi, ba tsawa ba. Amma shi kansa Fowler bai nufa matakan su zama ma'aunin darajar mutum ba, mu ma kada mu mai da su haka. A Matiyu sura 18, da almajirai suka nemi sanin wanda ya fi girma, yaro Ubangiji ya kira ya tsayar a tsakiyarsu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A ikkilisiyarku, bisa ga wane ma'auni ake karɓar yaro a ajin baftisma? Wa ya kafa shi?
2. Ku ba yara uku masu shekaru dabam-dabam labari ɗaya daga Nassi, ku tambaye su dalilin abin da ya faru, ku rubuta amsoshinsu yadda suka faɗa. Wace hujja kowane yake bi?
3. Ina Goldman ya yi daidai, ina kuma ya wuce gona da iri?