Gasar Tsare-tsaren Gudanar da Kwamfuta Masu Fuskar Hoto, 1981 zuwa 1995: Waiwaye da Kwatance

1.0 Gabatarwa

Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja da ke tsakanin mai aiki da ƙarfen na'urar. Ita ce ke karɓar umurni, ta rarraba aiki, ta adana abin da aka rubuta, ta kuma fito da shi in an nema. Wannan manhaja ita za a riƙa kira tsarin gudanarwa a cikin wannan maƙala. A farkon shekarun 1980 galibin ƙananan kwamfutoci ba su jin komai sai umurnin da aka buga musu da haruffa, kuskuren harafi ɗaya kuwa ya isa ya tsayar da aiki. Daga 1981 zuwa 1995 kamfanoni da dama sun yi rigegeniya wajen maye gurbin wannan hanya da fuska mai hoto, wato tagogi da alamomi waɗanda ake nunawa da linzamin hannu.

Manufar wannan maƙala ita ce kwatanta muhimman tsare-tsaren da suka shiga kasuwa a wancan zamani, da nuna cewa wanda ya yi rinjaye shi ne wanda ya dace da na'urorin da jama'a suka riga suka mallaka, ko da yake wasu sun riga shi fitowa, wasu kuma sun fi shi inganci.

2.0 Asali

A 1968 Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana a Amurka yadda ake sarrafa kwamfuta da linzami. Cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta ɗora a kan wannan, ta ƙera na'urar Alto a 1973, amma ba ta kai ta kasuwa ba. Sai a 1981 kamfanin ya fitar da Star, wadda fuskarta ta yi kama da teburin ofis mai takardu da jakunkunan fayil. An sa mata kuɗi sama da dala 16,000, saboda haka ƙalilan ne suka iya saye. Kafin nan, a Disamban 1979, Steve Jobs na kamfanin Apple ya ziyarci cibiyar ya ga abin da ake yi. Abin da ya biyo baya shi ne abin da Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

3.0 Tsare-tsaren da Aka Ɗaure da Na'urarsu

Rukuni na farko shi ne na tsare-tsaren da ba su aiki sai a kan na'urar kamfanin da ya yi su. Apple ya fitar da Lisa a Janairun 1983 a kan dala 9,995, tsada ta kashe ta. A ranar 24 ga Janairun 1984 ya fito da Macintosh a kan dala 2,495, da ƙwaƙwalwa mai kilobait 128 da ƙaramin allo mai fari da baƙi. Ƙarfin Macintosh shi ne daidaito: duk manhajar da aka rubuta mata tana bin ƙa'ida ɗaya, wanda ya koyi ɗaya ya kama hanyar sauran. Zuwan na'urar ɗab'i ta LaserWriter da manhajar PageMaker a 1985 ya ba ta gindin zama a wurin masu buga littattafai da mujallu.

A 1985 ɗin ne kamfanin Commodore ya fitar da Amiga 1000 a kan dala 1,295. Ta fuskar fasaha ta sha gaban takwarorinta, domin tana iya nuna launi har 4,096, tsarinta kuma yana raba wa ayyuka da yawa lokaci da kansa, ba tare da ɗaya ya jira ɗaya ya sarara masa ba. Duk da haka ofisoshi sun ɗauke ta a matsayin na'urar wasa. Da kamfanin ya durƙushe a 1994, tsarin ya rasa mai tallafa masa.

4.0 Tsare-tsaren da Suka Hau Na'urar IBM

Rukuni na biyu ya taso ne daga kwamfutar da IBM ya fitar a Agustan 1981, wadda ke aiki da tsarin DOS na kamfanin Microsoft. Wasu kamfanoni sun kwaikwayi ƙirarta suka sayar da rahusa, har ta cika ofisoshi. Waɗanda suka so ba ta fuskar hoto sai suka ɗora nasu tsarin a bisa DOS.

Visi On na kamfanin VisiCorp ya riga kowa, a ƙarshen 1983, amma yana bukatar kilobait 512 da babban faifai na ciki a lokacin da ƙalilan ke da su, bai kuwa yi nisa ba. GEM na kamfanin Digital Research, wanda ya fito a 1985, ya fi shi sauƙi da sauri, ya kuma yi kama da Macintosh ƙwarai. Wannan kama ce ta jawo masa barazanar shari'a daga Apple, aka tilasta masa rage wasu siffofinsa. Ya ci gaba da rayuwa a kan na'urar Atari ST da cikin manhajar Ventura Publisher.

Windows kuwa an yi shelarsa tun Nuwamban 1983, bai fito ba sai Nuwamban 1985, a kan dala 99. Fitowar farko ba ta burge kowa ba: yana da nauyi, tagoginsa kuma jere suke, ba su hawa kan juna. Amma Microsoft yana da abin da sauran ba su da shi. Kuɗin DOS na shigo masa kullum, yana da hulɗa da masu ƙera na'urori, ya kuma samu yarjejeniya da Apple a 1985 wadda ta halatta masa amfani da wasu siffofin Macintosh. Da Apple ya kai shi ƙara a 1988, wannan yarjejeniya ta taimaka masa, Apple ya sha kaye. Windows 3.0 ya samu karɓuwa a 1990, haɗin gwiwar Microsoft da IBM a kan tsarin OS/2 ya wargaje, fitowar Windows 95 kuma ta rufe babin gasar.

5.0 Dangantaka da Rubutun Hausa

Wannan tarihi ya shafi masu nazarin harsunanmu kai tsaye. Allon rubutu na na'urar IBM yana da alamomi 256 ne tak da aka dasa a cikin ƙarfe, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsu. Mai buga Hausa sai dai ya bar baƙaƙen ba ƙugiya, baki da baƙi su zama ɗaya, kasa da ƙasa su rikice, ko kuma ya bi su da alƙalami bayan an buga. A fuska mai hoto kuwa, zana kowane harafi ake yi da ɗigo-ɗigo, saboda haka mai ilmin abin yana iya ƙera zubin haruffa na harshensa. Sauƙin bai cika ba, domin rubutun da aka kai wata na'ura wadda ba ta da wannan zubi yakan koma shirme. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, shi ya ba kowane ɗaya daga cikin baƙaƙen nan lambarsa ta dindindin, ko da yake an ɗauki shekaru kafin manhajoji su bi shi sosai.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Xerox ya riga kowa, Macintosh ta fi tsari, Amiga ta fi fasaha, GEM ya fi sauƙi, amma Windows ya ci kasuwa saboda ya hau na'ura mai rahusa wadda ta riga ta shiga ofisoshi, mai shi kuma yana da jarin jure shekaru biyar na rashin karɓuwa. Abin lura ga masu neman ci gaban harsunan Nijeriya shi ne, duk zubin haruffa ko allon bugawa da za a ƙera wa Hausa, a auna shi da na'urar da ke hannun malami da ɗalibi da akawu, domin a can ne za a gane ko zai rayu.