Daga sulke zuwa wasan salula

Jama'ar Gure, wasannin yaƙin nan da yaranmu ke duƙufa a kansu cikin salula, inda jarumi ke yawo da takobi yana kashe dodanni yana ƙara ƙarfi, asalinsu a kan tebur aka faro su.

A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, a Jamus ta yau, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan koyon yaƙi bisa taswira. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da dokokin yin irinsa da ƴan sojojin dalma. A 1971 kuma, a Amurka, Gary Gygax da Jeff Perren suka buga wani ɗan littafi, Chainmail. Kun san ma'anar kalmar? Sulke.

Dokokin yaƙin zamanin dawaki da masu ne a ciki. Kowane ɗan mutum-mutumi yana tsaye a madadin mayaƙa 20, ana jefa ɗan lido a ga wanda ya faɗi. A ƙarshen littafin sai suka ƙara matsafa da dodanni irin na labaran Tolkien, da jarumi guda mai ƙarfin mutum huɗu. To nan fa abin ya juya. Dave Arneson ya ce kowa ya ajiye runduna ya riƙe mutum ɗaya, ya shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa neman dukiya, alƙalin wasa na ba da labari. Shi da Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Ma'aunin rai da hawa mataki-mataki da kuke gani a salula, daga can aka gado su.

Yanzu mu dawo gida. Sulken da Turawan nan suka sassaƙa wa ƴan tsanarsu, mahayan Barno da na Damagaram sun sa shi da gaske, dawakinsu cikin lifidi. Gure ita ce fadar Muniyo, nan Bajamushe Barth ya iske Muniyoma Koso a 1852. Damagaram ta zamanin Tanimun har igwa ta ƙera. Wasan dabara ma ba baƙonmu ba ne: ga dara da dattijai ke yi a gindin bishiya, ga langa mai ruwa da gari, ga dawakin laka da yara ke ginawa bayan ruwan sama.

Abin da su Gygax suka fi mu, sun rubuta dokokin wasansu sun buga. Shi ya sa ɗan lakwal a Gure ya san sunan jaruman wata nahiya, amma ka tambaye shi wa ya mulki Muniyo ya yi shiru.

Malaman tarihi da matasa masu taɓa kwamfuta, kwali da laka da ɗan lido sun isa farawa. Dattijan da suka san sunayen sarakuna da fagagen daga suna nan da ransu, a je a tambaye su a rubuta tun yanzu.